Ɗakin ibadar da ba shi da alƙibla

A birnin Houston na jihar Texas, cikin wata unguwa mai itatuwa da ƙananan gidaje, akwai wani ginin bulo mai kusurwa takwas. Ɗakin da ke cikinsa ba shi da taga, daga rufi haske yake saukowa. Wanda ya shiga zai tarar da bencina na katako a tsakiya, sai manyan alluna 14 a jikin bango, wasunsu sun fi tsayin mutum biyu. Kallon farko baƙaƙe ne ƙirin, har ka ce kwalta aka shafa musu aka manta ba a yi zanen ba. Sai an zauna, ido ya huce daga ranar waje, sannan baƙin yake fara rarrabuwa: nan shunayya, can ja mai duhu kamar busasshen jini, can kuma wani siririn layi inda baƙi ya haɗu da ɗan'uwansa baƙi. Da gajimare ya gifta a sama, duk ɗakin sai ya sauya. Ba gicciye, ba mumbari, ba rubutu, ba hoton kowa. Wasu su yi minti biyar su fita suna taɓe baki. Wasu su share awa guda. Akwai kuma waɗanda hawaye ke zubo musu, in ka tambaye su dalili ba za su iya faɗa ba.

Ana kiran wurin Rothko Chapel, da sunan mai zanen, Mark Rothko, Bayahuden da aka haifa a 1903 a garin da yau yake cikin ƙasar Latbiya, aka kawo shi Amurka yana ɗan shekara 10. Wasu attajirai 'yan Katolika, John de Menil da matarsa Dominique, su suka ba shi aikin a 1964. An buɗe ɗakin a 1971, amma shi bai gani ba, domin a watan Fabrairun 1970 ya kashe kansa a ɗakin aikinsa da ke New York. Ya taɓa faɗa wa wani marubuci cewa masu kuka a gaban zanensa abin da ya ji na addini lokacin da yake zanawa shi suke ji. Mutumin da bai lazimci wurin ibada ba ke nan yake da'awar launi kaɗai zai iya kai zuciya inda salla da addu'a suke kai ta. Da'awar tana da girma, kuma ba shi kaɗai ya yi ta ba. Kusan ita ce ƙashin bayan wani babban reshe na fasahar zamani, daga farkon ƙarni na 20 zuwa yau.

Asalin abin yana komawa ga rashi biyu da mai zane ya yi a Turai. Shekaru ɗaruruwa coci ce babbar mai ba shi aiki, ita ke cewa a zana Annabi Isa ko Maryama ko waliyyansu, shi kuma ya zana. Da tasirin coci ya ja baya, wannan kasuwa ta ragu. Sai kuma kyamara ta bayyana a 1839, ta ƙwace masa ɗaya aikin, wato kwaikwayon fuska da gari da daji yadda suke. In akwatin ƙarfe zai fitar da kamannin mutum cikin ɗan lokaci, me ya rage wa mai buroshi? Amsar da wasunsu suka bayar ita ce: abin da kyamara ba ta gani.

Wassily Kandinsky, ɗan Rasha mazaunin Jamus, ya fitar da ɗan ƙaramin littafi a ƙarshen 1911 yana cewa launi kamar sauti yake, yana bugun ruhi kai tsaye ba sai ya bi ta kamannin wani abu ba. Piet Mondrian na Holan, mai layuka baƙaƙe da murabba'ai ja da shuɗi da rawaya, ya shiga ƙungiyar Tiyosofi a 1909, wata ƙungiya da aka kafa a New York a 1875 wadda ta gauraya koyarwar Hindu da Buda da sihirin Turawa ta ce duk addinai daga tushe ɗaya suke. Kazimir Malevich kuwa, a wani baje koli a birnin Petrograd na Rasha a 1915, ya zana baƙin murabba'i a kan fari, ya rataye shi can sama a kusurwar ɗaki. Duk ɗan Rasha ya san kusurwar nan, nan ake ajiye hoton waliyyi a gida, ana kunna masa fitila. Bai buƙaci ya yi bayani ba.

Wadda labarinta ya fi ban mamaki ita ce Hilma af Klint ta Suwidin. Tun 1906, kafin waɗancan mazan, ta fara manyan zane-zane marasa sura, tana cewa wasu ruhohi ne ke jan hannunta. Ta yi 193 domin wani ɗakin ibada da ba a taɓa ginawa ba, ta kuma bar wasiyya kada a nuna su sai ta shekara 20 da mutuwa. Ta rasu a 1944. Da gidan baje kolin fasaha na Guggenheim da ke New York ya baje su daga ƙarshen 2018 zuwa 2019, mutane fiye da 600,000 suka je kallo, adadin da gidan bai taɓa samu ba a tarihinsa. A ƙasarmu da matar da ta ce iskoki ke riƙe mata hannu, an san sunan da za a kira abin da take yi, kuma ba a gidan adana kayan tarihi za a neme ta ba. Amma wannan cincirindo yana nuna wani abu game da masu kallon su kansu. Jama'ar da ake cewa ta gama da gaibu ita ce ta yi layi cikin sanyi don ta ga abin da aka ce daga gaibu ya zo.

To yaya abin yake aiki? Domin yana aiki, kada mu yi musu. Dabarun ba su da yawa, kuma duk wanda ya taɓa shiga babban masallaci da asuba kafin jama'a su taru zai gane su. Na farko girma: a yi abu ya fi ƙarfin ido, ta yadda ba za ka iya kallonsa ka gama ba, sai dai ka kasance a cikinsa. Rothko ya so a tsaya dab da zanensa, tazarar kimanin kamu ɗaya, don gefen allon ya ɓace wa ido. Sai cire suna. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana hutawa ne da zarar ta ce wannan doki ne, wancan kogi ne, ta wuce gaba. In ba ta samu abin da za ta kira da suna ba, sai ta yi ta lalube, ta gaji, ta yi shiru. Sai lokaci, wanda shi ne mafi tsada a zamanin da babban yatsa ke ture hoto a waya kafin ido ya gama ganinsa.

James Turrell ya kai wannan dabara ƙarshenta, har ya jefar da allo da fenti gaba ɗaya. An haife shi a 1943 a gidan mabiya Kwaka, wata ɗariƙar Kirista da ibadarta zama shiru ne a ɗaki ba limami ba waƙa. Ya sha faɗar cewa kakarsa takan ce masa ya shiga ciki ya gai da haske. Abin da yake ginawa ɗaki ne da aka yanke wa rufi murabba'i ko da'ira, aka sirance bakin yankan har ba a ganin kaurinsa. Ka zauna a benci da almuru ka ɗaga kai, sai sama ta daina zama abu mai nisa, ta zama kamar wani shuɗin ƙyalle da aka shimfiɗa a kan ramin, hannu zai iya taɓawa. Fitilun da ke ɓoye a bango suna sauya launi a hankali, ita ma sama sai ta riƙa sauyawa a idonka, daga shuɗi zuwa kore zuwa baƙi mai kauri, alhali a waje ba abin da ya same ta. Ya yi irin waɗannan ɗakuna fiye da 80 a ƙasashe daban-daban. Babban aikinsa kuwa wani mataccen dutse mai aman wuta ne a hamadar Arizona, Roden Crater, da ya mallaka a 1977 yake ta haƙa hanyoyi da ɗakuna a cikinsa don kallon rana da wata da taurari. Har yau ba a buɗe wa jama'a ba.

Marina Abramović ta ɗauki wata hanyar. A 2010, a gidan baje kolin fasaha na MoMA da ke New York, ta zauna a kujera tun daga tsakiyar Maris har ƙarshen Mayu, kullum muddin gidan yana buɗe, jimilla awa 736, ba magana ba motsi. Duk mai so ya zo ya zauna a gabanta su kalli juna. Fiye da mutum 1,500 suka zauna, da yawansu suka fashe da kuka. Ni dai abin da na karanta a hotunan fuskokin nan ba wahayi ba ne, kewa ce. Mutanen babban birni ne da suka daɗe ba wanda ya dube su ido cikin ido ba tare da yana son wani abu a wurinsu ba.

A nan ne nake ganin malaman tasawwufi sun riga masu sharhin fasaha warware matsalar, tun ƙarnoni da dama. Sun bambanta hali da muƙami. Hali shi ne abin da ke sauko wa zuciya ba zato, shauƙi ko tsoro ko natsuwa, ya zo kamar walƙiya ya wuce. Muƙami kuwa matsayi ne da bawa yake takawa da ƙafarsa, tuba, haƙuri, tawakkali, kuma ba a ba shi sai da wuridi da yunwa da tashin dare da shehin da zai ce masa nan ka kauce. Suna gargaɗin muridi kada ya ruɗu da hali, domin mai jin kiɗa ma yana samunsa, mai kallon teku ma haka. Abin da ɗakin Houston da saman Turrell suke bayarwa hali ne, kuma na gaske ne, ba ƙarya a cikin hawayen. Sai dai ba wanda zai tambaye ka gobe ko ka tashi da asuba, ko ka mayar wa maƙwabcinka haƙƙinsa. Ka fita, ka sayi kati mai hoton zanen a shago, ka hau mota.

Akwai wata hanyar kallon abin wadda ta fi kusa da mu. Kalmar shahada kashi biyu ce, kore da tabbatarwa, abin da masu tauhidi ke kira nafyu da isbati. Ana fara share duk abin bauta, sannan a ambaci Ɗaya. Masu zanen nan sun ƙware a kashin farko ƙwarewar da ta cancanci girmamawa. Sun share fuska, sun share labari, sun share launi mai daɗin ido, wasunsu har allon suka share. Da suka isa inda ya kamata a ambaci suna, sai suka yi shiru, suka bar wa mai kallo ya cike gurbin da abin da ya ga dama. Masu goyon bayansu suna cewa wannan shi ne alherin abin, tunda Kirista da Musulmi da Bahindu da wanda bai yarda da komai ba duk za su iya zama a benci ɗaya, kuma lalle a mashigar ɗakin Houston an ajiye littattafan addinai daban-daban, har da Alƙur'ani. Hujja ce mai nauyi a duniyar da ake zubar da jini kan sunaye. Amma ɗakin da kowane bango nasa alƙibla ne, mai shigarsa yakan ƙare da fuskantar kansa. Wani ya ga rahama a baƙin allon, wani ya ga kabari, kuma allon ba zai gyara wa ko ɗayansu ba.

Ga kuma kasuwa, wadda ba ta barin komai. A watan Mayun 2012 an sayar da wani zanen Rothko mai ruwan lemo da ja da rawaya a gwanjon Christie's kan dala miliyan 86.9. Shi kansa Rothko ya hango wannan. A 1958 an ba shi kwangilar zane don wani gidan cin abinci na masu hannu da shuni a benen Seagram da ke New York, ya yi aikin, ya je ya ci abinci a wurin, ya dawo a fusace ya mayar musu da kuɗinsu ya riƙe zanensa. Tara daga ciki ya ba gidan baje kolin fasaha na Tate da ke Landan kyauta, suka isa can a ranar da aka tsinci gawarsa. Mutum ne da ya ɗauki abin da gaske. Bayan ransa ne natsuwar da ya nema ta zama kadara, ana ajiye ta a rumbun da ba a biyan haraji ana jiran farashi ya tashi.

Musulmi mai karanta wannan zai iya yin murmushi ya ce ai mu tun farko ba mu bi ta sura ba, inda suka isa bayan wahala nan muka fara. Da gaskiya a ciki. Saɓanin malamai kan zana mai rai ya tura hannun masu fasaha zuwa ga harafi da lissafin kusurwoyi, kuma yaron da ya sauke Alƙur'ani a Kano ko Damagaram aka yi masa zayyana a allo ya riƙe zane marar sura a hannunsa tun kafin ya ji sunan Kandinsky. Sai dai gado ba ya aiki da kansa. Mu duba falo nawa ne aka rataye Ayatul Kursiyyu mai ruwan zinare a saman talabijin, shekara goma ba wanda ya ɗaga kai ya karanta. Harafi ma yana zama ado kurum, kuma otal-otal na ƙasashen Larabawa cike suke da irinsa.

Shi ya sa labarin Ibrahim El-Salahi na Sudan yake da amfani. An haife shi a Omdurman a 1930, mahaifinsa malamin makarantar allo ne. Ya yi karatun zane a makarantar Slade ta Landan a shekarun 1950, ya koma Khartum da salon Turawa, ya baje aikinsa, mutanensa suka zo suka duba suka wuce, abin bai taɓa su ba. Sai ya koma ga abin da ya bari a zauren mahaifinsa. Ya fara sa haruffan Larabci a zane, sannan ya riƙa farfasa su, yana buɗe cikin harafi har siffofi suka fara fitowa daga tsakanin lanƙwasa da lanƙwasa, fuskoki dogaye, tsuntsaye, jinjirin wata. A 1975, yana babban jami'i a ma'aikatar al'adu, gwamnatin shugaba Numeiri ta zarge shi da hannu a yunƙurin juyin mulki, aka tsare shi a kurkukun Kobar wata shida ba shari'a. A can ya riƙa zane a ɓoye kan ƙananan yagaggun takardun buhun siminti, yana binne su a ƙasa in mai gadi ya doso. Daga nan ya samo salon da ya riƙe daga baya: ya fara da ɗan ƙaramin yanki guda, ya riƙa ƙara masa wasu a gefe, zanen yana tsiro kamar iri, shi kansa bai san inda zai tsaya ba. Ya faɗa a hirarraki cewa yakan yi salla kafin ya fara aiki. A 2013 gidan Tate Modern ya baje aikin rayuwarsa, karo na farko da ya yi wa wani mai zane ɗan Afirka haka.

Cikin ayyukansa na tsufa akwai jerin zane kan bishiyar da 'yan Sudan ke kira haraza. Gawo ne, wannan dai namu, mai zubar da ganye da damina lokacin da kowace bishiya ke taƙama da kore, ya kuma yi lif da rani sa'ad da duk daji ya bushe. A hannun El-Salahi gawon yakan rage ya zama layi ɗaya a tsaye da wasu 'yan layuka a gicciye, kusan alif. In aka jera shi kusa da aikin Turawan da muka ambata, ido ba zai ga bambanci mai yawa ba, duka sun rage duniya zuwa layi da fili. Bambancin yana wajen allon. Shi zanensa reshe ne na wata rayuwa da ke da lokutan salla da azumi da jama'a, bai ɗora wa fenti nauyin ya cece shi ba. Ina jin wannan ne ya sa aikinsa yake da sauƙin numfashi, har da raha a wasu wurare, abin da ba ka samu a baƙaƙen allunan Houston.

Ahmed Mater na Saudiyya, likita ne kafin ya koma fasaha, ya yi wani ɗan aiki da aka nuna a baje kolin aikin Hajji na gidan tarihin Birtaniya a 2012. Ya ajiye ƙaramin baƙin maganaɗisu mai kusurwa huɗu a kan farar takarda, ya barbaɗa garin ƙarfe kewaye da shi. Garin ya miƙe tsaye, ya yi da'ira da'ira, kowace ƙwaya ta karkata ga tsakiya. Duk wanda ya taɓa ganin ɗawafi daga saman bene ba ya buƙatar a gaya masa komai. Ƙarfin da ke jan garin ba a ganinsa, sai dai a ga aikinsa, kuma akwai tsakiya. Mater ɗin nan kuma shi ne ya shafe shekaru yana ɗaukar hotunan yadda katafaren gine-gine da ƙugiyoyin ɗaga kaya suka yi wa Harami rumfa, don haka ba mai yabon gida ido rufe ba ne.

Iyalin da suka gina ɗakin Houston suna da 'ya, Philippa de Menil. A 1974 ita da Heiner Friedrich, wanda ta aura, da wata abokiyar aikinsu suka kafa gidauniyar Dia, suka zuba dukiyar man fetur ta gidansu a cikin irin wannan fasaha ta haske da fili da shiru. Gidauniyar ce ta taimaka wa Turrell ya samu dutsensa na Arizona. Ba a fi 'yan shekaru ba sai ta haɗu da Shehu Muzaffer Ozak na Istambul, jagoran wani reshe na ɗariƙar Halwatiyya, ta musulunta, ta karɓi ɗariƙa, sunanta ya koma Fariha. Suka mayar da wani tsohon gidan 'yan kwana-kwana a unguwar SoHo ta New York masallaci, aka sa masa suna Masjid al-Farah. Wanda aka kira ya yi masa fitilu shi ne Dan Flavin, mai fasahar da ba ya aiki da komai sai dogayen ƙwayayen lantarki irin na shago, wanda ya taɓa karatun zama limamin cocin Katolika yana saurayi ya bari, kuma ya sha nanata cewa fitilunsa fitilu ne kawai, kada a nemi wata ma'ana a bayansu. Ya jera su a bango, masu launi-launi. A ƙarƙashinsu aka shimfiɗa dardumai, aka karkatar da sahu zuwa arewa maso gabas, inda Makka take daga New York.